Kunnena da Harshen Yayana

Ku gyara zama, ku da Allah ya bar wa kunnuwa biyu, ku saurari mai kunne ɗaya. Ni ne Dogara ɗan Anaruwa, maginin ɗaki daga ƙasar Gwalmadi, can bayan duwatsun da rana ke faɗawa. Na taka ƙasar da take numfashi, na hau kogin da ke gudu zuwa tudu, na yi bauta a ƙarƙashin birnin Zangarma. Ga yadda aka yi.

Mu biyu mahaifiyarmu ta haifa, ni da yayana Jatau. Shi Jatau, in aka yi magana a gabansa ta zauna ke nan. Fatake su sauka garinmu su yi hira da yarensu, bayan shekara ya maimaita maka ita har da tarin da mai maganar ya yi a tsakiya. Ni kuwa tun ina ƙarami, in aka aike ni sayen abu uku, ɗaya nake kawowa, shi ma ba lalle ya zama cikin ukun ba. Ba ƙin saurare nake ba. Ina kasa kunne har gumi ya karyo mini, ina jin kowace kalma sarai, amma kafin ta biyu ta shigo ta farko ta fice. Sai fa in an kama hannuna an ɗora a kan aiki. Haka na koyi gini, ba wanda ya taɓa yi mini bayaninsa ya zauna.

Wata damina cutar ɓawo ta shigo Gwalmadi. Daga yatsun ƙafa take farawa: fata ta bushe, ta yi kauri, ta tsattsage kamar bayan maɗaci, ta riƙa hawa a hankali. Ranar da ta kai ƙirji, numfashi ya tsaya. Ta kama mutane da yawa, ta kama matata Kyauta.

Wani baƙo ya ba dattawa labarin cewa a birnin Zangarma akwai gidan da ya san maganinta. Ba sa sayar wa ƙasashe masu nisa, amma suna karɓar masu neman koyo. Ba a yi dogon shawara ba aka zaɓi Jatau. Na ce zan bi shi.

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai me za ka koyo? Zauna ka yi jinyar matarka."

Kyauta ta jiyo mu daga ɗaki, ta ce, "Maigida, ka bi shi. Zamanka kusa da ni ba ya hana ɓawon hawa."

Muka ɗaura wa jaki kaya muka kama hanya.

Bayan mun wuce duwatsu muka iso Filin Numfashi, inda ƙasa ke kumbura tana lotsawa kamar cikin mai barci. A bakin filin wata tsohuwa na sayar da ruwa. Muka sha, Jatau ya ce, "Iya, yaya ake ƙetare wannan wuri?"

Ta ce, "In ta kumbura, ku tsaya kan baƙin dutse. In ta lotsa, ku bi farin yashi, kada ku taka ja. In kun ji ta yi tsaki, ku kwanta rub da ciki."

Na maimaita a zuciyata har muka shiga. Ba mu yi nisa ba ƙasa ta ja wani dogon tsaki. Na laluba kaina, babu komai a ciki sai muryar tsohuwar ba tare da kalmominta ba. Na ja jaki na zura da gudu. Jatau ya daka tsalle ya kayar da ni, ƙasa ta buɗe baki a gabanmu ta haɗiye jakin da guzurinmu duka, ta rufe kamar ba a yi ba. Da muka tashi ya sharara mini mari.

"Abu uku kacal ta faɗa, Dogara! Uku!"

Na riƙa sa ƙafata a sawunsa har muka fita.

Daga nan muka yi ta tafiya muna cin 'ya'yan itace da abin da aka ba mu sadaka, har muka kai kogin da ke gudu zuwa tudu. Masu kwalekwale suka ɗauke mu, ruwa ya yi ta hawa da mu gefen wani ƙaton tsauni, ƙauyuka suna ƙanƙancewa a ƙarƙashinmu, har ya dire mu ƙofar Zangarma.

Gidan koyon sunansa Soron Ji. Magajinsa wani dogon tsoho ne, Barmo, kunnuwansa sun zazzago har kafaɗa saboda nauyin zobban azurfa. Ranar farko aka jera mu a tsakar gida, mu da baƙi daga ƙasashe barkatai, maza da mata, aka ɗaure wa kowa hannu ta baya da tsirkiyar fata.

Barmo ya ce, "A nan sau ɗaya ake faɗa. Ba a ƙirga da yatsa, ba a zane, ba a taɓa komai. Ta kunne ilimi ke shiga mutum. Wanda ya ce nasa ta wata ƙofa yake shiga, to ba mutum ba ne, kuma muna da wurin ajiye irinsa. Da hantsi zan faɗa, da la'asar zan tambaya. Kunnen da ya zubar da abin da aka zuba masa, za a rage shi."

A gefensa wanzami na zaune yana wasa aska.

Da hantsi Barmo ya fara, muryarsa shimfiɗe ba hawa ba sauka: sunayen saiwoyi, da lokacin haƙarsu, da wanda ake jiƙawa da wanda ake ƙonawa. Na saurara da duk ƙarfina. Hannayena a baya suna ta motsi da kansu, suna neman abin kamawa. Da la'asar aka zo kaina.

"Wace saiwa ake haƙa kafin ta yi fure?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, na ji ka faɗa."

"Na san na faɗa. Wace ce?"

Wanzami ya kama kunnena na dama ya yanke ɗan gefe, ya jefa wa wasu farfarun tsuntsaye da ke jira kan katanga. Sun saba, tun kafin ya jefa sun buɗe baki.

Jatau kuwa bai taɓa kuskure ba. Lokacin cin abinci, da an kwance mu, sai ya matso kusa da ni yana raɗa mini karatun.

"Maimaita."

In maimaita daidai.

"To ka gani? Riƙe shi."

"Yaya, da me zan riƙe shi?"

"Da kanka mana! Kan nan naka na ado ne?"

Kafin la'asar karatun ya zube, wanzami ya sake matsowa.

Kusa da ni wata mata ke zama, Tabawa, mai saƙa daga ƙasar tafkuna. Ita ma an fara rage mata kunne, sai kuma kwatsam ta daina kuskure. Na lura da ƙafarta. Barmo na magana, ita kuwa tana zane a ƙura da babban yatsa, ƙarƙashin zanen da ta ɗaura: da'ira ita ce tukunya, layuka su ne saiwoyi. Ta kalla, ta shafe. Ta ce mini, "Ɗan'uwa, ni in na ga abu ya zauna. In ji kawai na yi, kamar an yi wa bango magana."

Wani cikin masu koyo ya kai ƙararta. Barmo ya sa aka ɗaga zanenta, ya dubi ƙurar ya ce, "Wannan da ido take sata." Aka danne ta aka ɗiga mata ruwan tinya a idanu biyu. Ihunta ya kori tsuntsayen daga katanga. Bai kore ta ba, ya ce ta ci gaba da zama a layi, yanzu ba abin da zai raba mata hankali. Ta zauna idanu a kumbure suna tsiyaya, ana tambayarta tana kasawa, ana yanka, har kunnen ya ƙare aka yi ƙarƙashin birni da ita.

Ban daɗe ba na bi ta. Ranar da wanzami ya laluba bai sami abin kamawa a damata ba, Barmo ya ce, "Na hagun ku bar masa, ya riƙa jin tsawa."

Ƙarƙashin Zangarma kogo ne mai faɗin gari guda, kuma a nan ake haɗa magungunan da ake karantawa a sama. Kowane bawa aiki ɗaya aka ba shi, bai san na kusa da shi ba. Hayaƙin tukwane na cin huhu, kullum sai an ja gawa. Da yake ina da ƙarfi, duk inda aka mutu nan ake tura ni. Na daka saiwa har tafina ya fashe. Na tsaya kan tukunya ina kwashe kumfa. Na tatsi gumin wasu shuɗɗan kwaɗi, wanda in ya taɓa fata sai ta sale. Ba wanda ya yi mini bayani, bulala ce ke sauka in na yi ba daidai ba. Duk da haka, a can ƙasa na fara jin kaina kamar mutum, domin duk abin da hannuna ya yi sau ɗaya, ya zauna. Abin da ban sani ba shi ne wanne ke gaba da wanne, da kuma awo. Wannan yana bakin waɗanda suka sauke karatu, masu tsayawa kan dakali suna raɗa wa masu bulala.

Rannan na ɗaga kai na ga Jatau kan dakalin, da zoben azurfa a kunne, da siririyar sarƙa daga zoben zuwa ɗamararsa.

Da rana ta take, zafin tukwane kan kori masu tsaro zuwa bakin kogo su sha iska. Sai Jatau ya sauko wurina.

"Dogara, an cuce mu. Wanda ya sauke ba ya komawa gida. Nasu ne har ya mutu. Ni ido na kaina ko'ina, amma kai ba wanda ke ƙirga ka. Dole ka ɗauki maganin ɓawo ka gudu da shi. Saurara da kyau."

Ya fara karantowa. Na ji abin na sulalewa kamar kullum, na ce, "Yaya, dakata. Kada ka karanta mini. Bari in kama aikin, in ina yi kai kuma ka riƙa faɗa."

"Ba mu da lokacin wasa."

"Ka gwada dai."

Na tsuguna gaban turmi. Ya ce tafi uku na jar saiwa, na ɗiba ina zubawa yana faɗa. Ya ce a daka har ta daina ƙara, na daka har na ji ta yi laushi ƙarƙashin taɓarya. Ya ce gumin kwaɗo sai tukunya ta sauka daga wuta, na sauke, na ɗiga. Washegari ya dawo da shirin maimaitawa, na ce ya tsaya ya gani. Na yi masa aikin daga farko har inda muka tsaya, ban tsallake komai ba.

Ya daɗe yana kallona. Ya kai hannu ya taɓa inda kunnena yake a da, ya ce, "Tun muna yara nake kiranka daƙiƙi."

Na ce, "Faɗi na gaba, kafin su dawo."

Haka muka riƙa yi kullum da tsakar rana, har muka gama ruwan da ake sha ɓawo ya zube. Saura abu ɗaya, wanda ake shafa wa jiki bayan ya zube. Jatau ya ce gobe. Amma wani bawa mai kwashe toka ya gan mu, ya sayar da mu a kan ƙarin kwanon tuwo.

Barmo da kansa ya sauko kogon, ya toshe hanci da gefen rigarsa. Aka gurfanar da mu.

Ya ce wa Jatau, "Na zuba maka abin da kakannina suka adana, ka kwashe ka zuba a hannun bawa?"

Jatau ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙanena ne. Ya iya, wallahi ya iya, a gwada shi a gani. Matarsa na can tana mutuwa."

Barmo bai ko dube ni ba sai da wanzami ya buɗe zabirarsa. Sannan ya juyo ya ce, "An ce kai da hannu kake koyo. To zo ka riƙe masa kai."

Na ƙi. Masu tsaro suka ɗora mashi a maƙogwaron Jatau, suka ce ko harshe ko rai. Jatau ya ce, "Riƙe, Dogara." Ita ce magana ta ƙarshe da na ji daga bakinsa. Na riƙe kan yayana a tafukana, wanzami ya sa aska a harshensa, na ji duk yadda ya girgiza, na ji ɗumin jininsa na bin tsintsiyar hannuna.

Barmo ya ce, "Wannan karatun ba zai zube maka ba." Ya haye sama.

Aka cire wa Jatau zobe aka jefar da shi cikin bayi, ni kuma aka ce za a sare mini hannaye ranar kasuwa, mutanen gari su kalla. Tabawa ce ta fitar da mu. Ita aka ba aikin liƙe bakin randunan magani da yumɓu, tunda aikin ba ya bukatar ido. Randunan nan kowace mutum zai zauna ciki, kuma a bayan wasu kunkuraye masu girman rumbu ake ɗora su a kai wa sarakunan da ke saye. Da masu tsaro suka fita shan iska, ta sa na tuttular da biyu a magudana. Na cusa Jatau a ɗaya, na shiga ɗaya, da reshen jar saiwa a ɗamarata da kwaɗi biyu, mace da namiji, a cikin gora.

Na ce, "Tabawa, akwai randa ta uku."

Ta ce, "Wa zai liƙe tawa? Sunkuyar da kai." Ta liƙe, ta huda ƙofar iska da kara. Ban sake jin labarinta ba.

Kunkuru ba ya sauri. Na zauna a dunƙule, ragowar magani na cin fatar bayana, ina jin nishin Jatau daga randar da ke gefe, ina roƙon Allah kada masu korar kunkuru su ji. Sai da na ji ciyawa na shafar randa ta ko'ina, na gane mun shiga dajin gamba mai tsawon da ke rufe mahayi. Na bugi murfi da ka har ya fashe, na fasa na Jatau, muka sulale cikin ciyawar. Ayari ya wuce. Jatau zazzaɓi ya rufe shi, na goya shi, na riƙa ɗiga masa ruwa da tsinke. Muka zagaya ta kudu, hanya mai nisa, har ya iya taka ƙafarsa, har muka hango duwatsunmu.

Gwalmadi ta yi shiru. Gidaje da yawa an toshe ƙofarsu da ƙaya. Kyauta na da rai, ɓawo ya kai mata haƙarƙari, tana numfashi sama sama. Ta dubi gefen kaina, ta dubi bakin Jatau, ba ta tambaya ba.

Na haɗa maganin ba tare da na tsaya tunani ba, na ba ta ta sha. Kafin rana ta karkata ɓawon ya fara tsagewa yana faɗuwa gutsure gutsure. Mutane suka cika gidan suna kabbara. Sai muka ga abin da ke ƙarƙashi: jan nama ɗanye, babu fata ko kaɗan, daga ƙafa har haƙarƙari. Iska ta taɓa ta, ta ƙwalla ƙara.

Na kama Jatau. "Yaya, na shafawar! Mene ne?"

Ya buɗe baki, sauti ya fito babu kalma. A ƙasarmu ba a san rubutu ba. Ya tsinko ganye ya ɗaga, na ce, "Ganye ne?" Ya gyaɗa kai. Ya shafa gashin hannunsa, na ce, "Mai gashi?" Ya gyaɗa. Ya riƙe ganyen a sama yana wuce da tafinsa ta ƙarƙashi, na gane tsiro ne da ba ya taɓa ƙasa. Na ce ya kai ni inda yake. Sai ya zauna daɓas ya dafe kai. A nan na fahimci shi ma bai taɓa ganinsa ba. Sunansa da yaren Zangarma aka faɗa masa, da siffarsa, ba a taɓa nuna masa komai ba.

Ya yi ta nuna saman itatuwa, muka ce kauci ne, tunda shi ne ke tsirowa a kan reshe. Duk mai ƙafa a garin ya hau bishiya. Aka kawo kaucin kaɗanya, da na tsamiya, da na gawo, da na marke. Jatau ya juya kowanne, ya shinshina, leɓɓansa na motsi yana gwada shi da abin da ke kansa, ya girgiza kai. Na gwada man shanu, na gwada zuma. Ƙudaje suka samu gida. Ina zaune ina yi mata fifita, ba ta iya kwanciya ta kowane gefe.

Ta ce, "Maigida, da ɓawon ba na jin zafi. Ka mayar mini da shi."

Ta rasu da hantsi, hannunta cikin nawa. Sauran masu cutar suka ce gara ɓawo da maganina. Wani da ƙanwarsa ke kwance ya jefe ni da dutse a hanyar maƙabarta.

Ƙasar kabarinta ba ta gama bushewa ba, muka je kududdufin bayan gari ɗibar ƙasar gini. Jatau ya sunkuya zai wanke fuska, sai ya tsaya. Ya kai hannu ya ɗago kainuwa guda daga kan ruwa. Ganye mai gashi, saiwoyinta na reto, ba su taɓa komai ba. Ya dube ta, ya dube ni, ya yi wani irin kuka da na ɗauka maciji ne ya sare shi. Ya faɗa cikin ruwan yana kwasarta da hannu biyu yana watso mini.

Ita ce. Wata tsohuwa da ɓawo ya kusa kai wa ƙirji ta ce a gwada a kanta, ba ta da abin asara. Na ba ta maganin ta sha, ɓawo ya zube, aka daka kainuwa aka lulluɓe ta, sabuwar fata ta fito. Daga ita sai sauran. Cutar ɓawo ta bar Gwalmadi, wanda ya jefe ni ya kawo mini akuya, ban karɓa ba.

Yanzu mun tsufa, gida ɗaya muke ni da Jatau. Maganin cututtuka masu yawa na cikin kansa, duk abin da Barmo ya faɗa, ba ko ɗaya da ya zube. Kullum da hantsi yakan zauna ƙofar gida yana bitarsu, leɓɓa na motsi. Kwanan baya wata mata ta kawo 'yarta, wuya ya sanƙare, ido ya juye. Jatau na ganinta ya miƙe zumbur, na san ya gane cutar, ya kuma san maganinta. Ya ja ni gaban turmi, ya ɗora hannuna kan taɓarya, ya riƙe da ƙarfi, ya buɗe baki.

Uwar ta ce, "Baba, me yake cewa?"

Na tsaya riƙe da taɓarya, ina kallon bakinsa, turmin ba komai a ciki.